Ƙwaya biyu tsakanin magariba da isha'i

Ita ta ce a rubuta. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a ambaci sunanta, ko na garinsu, ko na matar da ta kawo mata maganin, domin har gobe suna gaisawa, kuma ta ce ta yafe mata duniya da lahira. Aikina karɓar haihuwa ne, saboda haka zan ba da labarin yadda ta ba ni shi, in riƙa tsayawa ina faɗin abin da ke gudana a cikin mahaifarta a daidai lokacin, wanda idonta bai gani ba.

Cikinta na shida ne. Biyar ɗin farko duk a ɗakinta ta haife su a durƙushe, ungozomar unguwa ba ta zuwa sai don yanke cibiya da binne mabiyiya. Irin matan nan ce da ake cewa Allah ya ba su sauƙin haihuwa, ta soya awarar safe ta sauka kafin la'asar. Wannan cikin ne ya zo mata da nauyi. Ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, barci sai a jingine. Awo sau biyu kawai ta je. Da ta lissafa ta ga ta shiga wata na goma sai hankalin gidan ya tashi, uwar mijinta kullum da safe sai ta leƙo ta ce, "Har yanzu shiru?"

A nan kuskuren farko yake, kuma ba nata ba ne ita kaɗai. Watan sama kwana 29 ne ko 30, tara daga cikinsa wajen kwana 266 ne. Lissafin asibiti kuwa kwana 280 ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato mako 40. Macen da ta ga tsayuwar wata na goma tana wajen mako 38 ne, cikinta bai ma cika lissafi ba, balle a ce ya zarce. In uwa da ɗa suna lafiya, sai ciki ya kai mako 41 ake maganar tayar da naƙuda saboda jinkiri.

Naƙuda ba daga waje take zuwa ba. Mahaifa da mabiyiya da rigar da ta lulluɓe ɗa su ke haɗa maganin naƙudarsu da kansu, wani sinadari da ake kira furostagilandin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ya raɗa masa sunan a 1935, domin a maniyyi ya fara samunsa. A Kamfala ta ƙasar Yuganda kuma, a jami'ar Makerere, Sultan Karim ya fara tayar da naƙuda da shi a 1968. Daga kitse jiki ke yin sa, wani kitse mai suna arakidonik da ke cikin bangon ƙwayoyin halitta. Idan buƙata ta taso, wani sinadari ya yanko kitsen daga bangon, wani mai suna COX ya sarrafa shi. Ba a tara shi kamar hatsi a rumbu. Nan take ake yin sa, a wurin yake aiki, wanda ya sulale cikin jini kuma huhu ya lalata kusan dukkansa a zagaye guda.

Duk wadda ta taɓa shimfiɗa mabiyiya a faranti tana duba ko ta fito cikakkiya ta san rigar nan biyu ce a manne. In aka murza ta tsakanin yatsu sai ta rabu. Ta ciki, mai santsi da sheƙi kamar ledar ƙulla ruwa, ita ce amniyon, kuma ita ke yin nau'in furostagilandin da ake kira E2. Ta waje, mai ɗan kauri da kaushi, ita ce koriyon, cike take da wani sinadari, PGDH, wanda ba shi da aiki sai lalata furostagilandin kafin ya ƙetara ya taɓa naman mahaifa. Bayan koriyon sai shimfiɗar cikin mahaifa, mai yin nau'in F2, sannan naman da ke matsawa. Wata da watanni rigar ciki tana ɗan tsiyayar da maganin naƙuda, rigar waje tana shanye shi, sinadarin furojestaron da mabiyiya ke fitarwa yana ƙarfafa wannan tsaro yana kuma kwantar da naman mahaifa. Da haka ciki ke zama.

Idan ɗa ya ƙosa sai al'amarin ya juya a hankali. Wani sinadarin jikinsa mai suna kotisol ya ƙaru, mabiyiya ta ƙara nata saƙon, mahaifa ta miƙe iya miƙewa. COX-2, wani nau'in COX ɗin nan, ya yawaita a rigar ciki, mai tsaron rigar waje ya ragu, musamman a ɓangaren da ke kan bakin mahaifa. E2 ya sassauta zaren da ya ɗaure bakin mahaifa, abin da yake da tauri kamar kan hanci ya koma laushi kamar leɓe, ya gajarce, ya fara buɗewa. Wannan aikin kwanaki ne, wani lokaci makonni. F2 kuma ya sa nama matsawa, ya haɗa kai da oksitosin, wani sinadarin jiki mai sa mahaifa matsawa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Shi ya sa cutar da ta hauro daga farji ko ciwon sanyin fitsari da aka yi sakaci da shi ke jawo bakwaini: kumburin da cutar ta haddasa yana kunna COX-2 tun lokaci bai yi ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a naƙudar gaskiya shi ne hutun da ke tsakani. Duk sanda mahaifa ta matse, jinin da ke shiga mabiyiya yana raguwa, ɗa kamar ya riƙe numfashi ne. In ta saki sai jini ya dawo ya sha iska. Naƙuda mai kyau matsa uku ce zuwa biyar a minti goma, kowace ba ta cika wuce minti ɗaya ba, cikin kuma ya yi laushi sosai a tsakaninsu.

Tun watan takwas take shan haɗin ciwon jiki daga kemis saboda bayan nan, ƙulli ɗaya da safe ɗaya da dare, a ciki akwai daikulofinak. Shi da aibufurofin da asfirin mai yawa duk hanyarsu ɗaya, toshe COX suke yi, abin da John Vane ya gano game da asfirin a 1971. Suna kashe ciwo, amma ga mai tsohon ciki suna taɓa wurare uku. Suna iya jinkirta naƙuda. Suna rage fitsarin ɗan tayi, alhali daga tsakiyar ciki zuwa sama yawancin ruwan da yake kwance a ciki fitsarinsa ne. Na uku ya fi haɗari. Akwai wata gajeriyar jijiya kusa da zuciyarsa da ke karkatar da jini daga huhu, tunda huhun bai fara aiki ba, kuma E2 ɗin da ke zuwa daga mabiyiya ne ke riƙe ta a buɗe. Sai an haife shi ya yi kuka, an yanke cibiya, sannan take rufewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Waɗannan magunguna suna iya tsuke ta tun yana ciki. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki a kansu daga mako 20, daga mako 30 kuwa a guje su. Farasitamol shi ne na mai ciki. Kada dai wadda likita ya rubuta wa ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 a rana don kariya daga hawan jinin ciki da jijjiga, ta karanta wannan ta daina sha. Shi wannan ɗan kaɗan ɗin gyara yake yi, yana rage nau'in sinadarin da ke tsuke jijiya da daskarar da jini, ya bar wanda ke buɗe ta.

Ranar wata Laraba maƙwabciyarta ta shigo da abu a ƙulle a bakin zane. Ƙwaya biyu ce farare, masu kusurwa shida, an ɓallo su daga katinsu. Ta ce, "Yaya, wannan shi suke sa wa mata a asibiti. Ni da shi na haifi na goye, ko awa uku ban yi ba." Ba ƙarya ta yi ba. Misofurostol ne, wanda aka fi sani da Cytotec, furostagilandin ne na kamfani da aka fara yi don gyambon ciki, kuma lallai ana amfani da shi a ɗakin haihuwa. Abin da ba ta sani ba shi ne nawa ake bayarwa, da wa ake ba.

Kowace ƙwaya maikurogiram 200 ce. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki da ɗa mai rai don tayar da naƙuda maikurogiram 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar. Da yake ba ta yankuwa takwas daidai, sai a narkar da guda a ruwa mililita 200, a riƙa ba da mililita 25 duk bayan awa biyu, ko a sa maikurogiram 25 ta ƙasa duk bayan awa shida. Kafin a fara sai an tabbatar da kai ɗan ya zo, an ji bugun zuciyarsa tsakanin 110 da 160, an duba bakin mahaifa, an tambayi haihuwa nawa ta yi. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba a ba ta sam. Wadda ta haihu biyar ko fiye, bangon mahaifarta ya riga ya sha miƙewa, sau da yawa an fi son a sa mata robar fitsari mai balan-balan a bakin mahaifa, a hura da ruwa, ta tura jikin ya saki nasa furostagilandin ɗin a hankali. Kafin kowane ƙari kuma sai an ɗora hannu a ciki an ƙirga matsa na minti goma cur. Da naƙuda ta kankama an daina. Duk wannan a wurin da ke da ɗakin tiyata da jini a kusa.

Bayan sallar magariba maƙwabciyar ta sa mata ɗaya ta ƙasa. Aka yi isha'i ba ta ji komai ba sai ɗan ciwon mara, sai aka ce ta sa ta biyun a ƙarƙashin harshe. Wadda aka sa ta ƙasa a hankali take shiga jini, sai bayan awa ɗaya da 'yan mintuna take kai ƙololuwar ƙarfinta, kuma ta daɗe tana aiki. Ta ƙarƙashin harshe cikin rabin awa take kaiwa, kuma ta fi hawa sama. Ke nan ƙarfin biyun a lokaci guda ya haɗu, maikurogiram 400, ninki goma sha shida na abin da ya dace. An kuma ƙera maganin ne yadda PGDH ba zai iya lalata shi da sauri ba. Mai tsaron da ya yi wata tara yana kare ta ba shi da iko a kan wannan baƙon.

Ta ce wajen ƙarfe tara ciwon ya zo, kuma bai yi kama da na haihuwa biyar da ta sani ba. "Naƙuda tana zuwa ta tafi, har ki sha ruwa ki yi salati. Wannan da ya kama bai saki ba. Cikin ya zama kamar turmi." Jikinta ya ɗauki rawa, zazzaɓi ya rufe ta, ta yi gudawa sau biyu. Yaron ya yi ta motsi da ƙarfi, irin wanda bai taɓa yi ba. Matsa fiye da biyar a minti goma, ko guda da ta kai minti biyu ba ta saki ba, alama ce ɗa ba ya samun iska. A asibiti nan take za a cire abin da ya rage na maganin, a kwantar da ita ta gefen hagu, a sa ruwa, a ba da maganin sassauta mahaifa, in bugun zuciyar ɗan bai dawo ba a shiga tiyata. A ɗakinta abin da aka yi shi ne aka riƙe kafaɗunta ana cewa ta yi nishi, alhali bakin mahaifa bai buɗe ba. Sama na turowa da ƙarfin da ya wuce kima, ƙofa a rufe, sai ƙasan mahaifa, inda ya fi siranta, ya ɗauki nauyin duka.

Wajen sha ɗaya ta ji abu ya keta ta gefen hagu kamar an yaga sabon yadi. Sai ciwon ya tsaya cak. Ta ce har hamdala ta yi, Inna ta ce a bar ta ta huta, naƙudar ce ta kwanta. Wannan shirun shi ne mafi munin alama. Mahaifar da ta fashe ba ta sake matsawa. Jinin da ya fito waje bai cika tsumma ɗaya ba, sauran yana zuba cikin ciki, kuma a ƙarshen ciki jinin da ke bi ta mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti. Sai ƙishirwa, sai gumi mai sanyi, sai ciwo a kafaɗa, tafin hannu ya yi fari fat. Motsin yaro ya ɗauke. Babbar 'yarta, mai shekara goma sha biyar a lokacin, ita ta haska fuskarta da fitilar waya ta fita da gudu ta taso mahaifinta.

Ƙaramin asibitin farko ba su sauke ta daga mota ba, suka sa mata ruwa suka tura su gaba. Ƙarfe biyun dare suka isa babban asibiti. Bugun jininta 130, awon jini 80 bisa 50, ana taɓa cikin ana jin gwiwar yaro da ƙafarsa a ƙarƙashin fata kamar babu komai a tsakani, robar fitsari ta fito da jini. Likita ya tambayi abin da ta sha, aka yi shiru, sai 'yar ce ta faɗa. Ina roƙon duk wanda ya raka mai naƙuda ya faɗi gaskiyar abin da aka ba ta tun a bakin ƙofa, ba don a kama kowa ba, don minti biyar ɗin da za a ɓata ana lalube jini ne ke zuba.

Da aka buɗe, yaron namiji ne, yana kwance a cikin ciki a wajen mahaifa tare da mabiyiyarsa, ya riga ya koma. Yagewar ta gangara har bakin mahaifa ta tsinka babbar jijiyar gefen hagu, ba ta ɗinkuwa. Aka fito aka gaya wa maigidan sai an cire. Ya ce, "Likita, ku ceto min ita, 'ya'ya biyar na jiranta." Leda huɗu ta jini aka ƙara mata, biyu daga ƙannensa. An bar mata ƙwayayen haihuwarta, don haka al'ada ta ɗauke amma jikinta bai shiga canjin tsufa ba.

Ta ce ba ɗinkin ne ya fi yi mata ciwo ba. Kwana uku bayan tiyata nono ya kawo, ya cika ya yi tauri, rigar asibiti ta jiƙe, a gadon da ke kusa da nata kuma wata na shayar da jaririnta. Ta juya fuska bango ta ɗaure ƙirji da ɗankwali.

Bayan shekara huɗu 'yar nan tata ta dawo gida goyon ciki. Tun wata na uku uwar ta tasa ta gaba zuwa awo, ba ta bari an tsallake ko ɗaya ba, ta kuma hana kowane ƙullin magani shiga ɗakin. Naƙuda ta zo da kanta a mako na 40, suka tafi ƙaramin asibitin unguwa, da asuba ta haifi mace. An kwana biyu babu wuta, firjin ya huce, ita kuwa allurar oksitosin, wadda ita ce zaɓin farko don hana zubar jini, sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, zafi yana rage mata ƙarfi. Ma'aikaciyar ta shafa cikin ta tabbatar babu ɗa na biyu, sannan ta ɓallo ƙwaya uku daga kati. Farare, masu kusurwa shida.

Uwar ta ce ba ta san sanda ta damƙe hannun matar ba. "Sista, don girman Allah kada ki ba ta. Biyu aka ba ni na rasa ɗa da mahaifa, ke uku za ki ba ta?"

Ma'aikaciyar ba ta fizge ba. Ta ce, "Mama, dubi jikarki, ta riga ta fito. Lokacin da aka ba ki, akwai yaro a ciki, ƙofa a rufe. Yanzu babu abin da za ta matse sai jijiyoyin da ke zubar da jini." Gaskiya ta faɗa. Inda mabiyiya ta ɓalle rauni ne mai faɗin kusan faifai, jijiyoyi a buɗe, kuma ba ɗinki ke rufe su ba. Zaren naman mahaifa a saƙe yake kamar tabarma, jijiyoyin na ratsawa ta tsakani, in ya matse sai ya shaƙe su. A wannan lokacin jiki da kansa yake sakin F2 mai yawa daga shimfiɗar mahaifa. In mahaifa ta gaji ta ƙi matsewa, jini ya kai rabin lita, an shiga haɗari. Saboda haka ne NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta yi wa misofurostol rajista a 2006 don zubar jini bayan haihuwa. Maikurogiram 600 ake haɗiya da zarar ɗa ya fito don kariya, 800 a ƙarƙashin harshe in jinin ya riga ya ɓalle, tare da murza mahaifa, da zubar da fitsari, da allurar taranekzamik mai rage zubar jini cikin awa uku, da neman babban asibiti. Ba ya buƙatar firji, amma laima na kashe shi, don haka sai wanda ke rufe ruf a katinsa na gwangwani gaba da baya, ba wanda aka ɓallo aka ƙulle a zane ba.

Ta saki hannun. Yarinyar ta haɗiye ƙwayoyin da ruwa, mabiyiya ta faɗo cikakkiya, ma'aikaciyar ta kama hannun uwar ta ɗora a ƙasan cibiyar 'yar ta ce ta taɓa ta ji. Mahaifar ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallon goruba. Ta ce mata duk bayan minti goma sha biyar ta sake taɓawa har awa biyu, in ta ji ta yi laushi ta murza ta kira ta.

Can sai rawar sanyi ta kama mai jegon, haƙora na haɗuwa, irin wadda uwar ta yi a daren nan. Ma'aikaciyar ta ce aikin maganin ne, zai wuce. Uwar ta kwance mayafinta ta lulluɓe ta, ta zauna a bakin gado, hannu ɗaya a kan marar 'yarta, idonta a kan tsumman da ke ƙarƙashinta, tana ƙirga mintuna da agogon bango har rana ta fito.